Gandu da Gayauna a Gidan Rini na Greensboro

Duk walimar da na je a garin nan sai na ci karo da ɗaya daga cikinku. Zai rusuna ya gaishe ni da Hausar da ta sha ruwan Turanci, sannan ya ce, "Anti Rabi, ni ma coding zan shiga, an ce wata biyu-uku mutum ya iya." Nakan ce Allah ya ba da sa'a, kuma har zuciyata nake faɗa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Rubuta wa kwamfuta umarni ba shi ne wuyar sana'ar nan ba, wannan ko aku aka ajiye a ofishinmu zai kwaikwaya. Wuyar ita ce sanin inda za ka ajiye kowane abu, da sanin wanda ke da ikon taɓa shi. Na ga yadda abu ɗaya da aka ajiye ba a muhallinsa ba ya kusa raba wani magidanci da aikinsa, ya kuma raba 'yarsa marar lafiya da likitanta. Labarinsa zan ba ku, amma sai kun yi haƙuri na fara da yadda ni na koya.

A Zariya na fara, a kan takarda. Kwamfutocin sashenmu ba su kai yawan yatsun hannu ba, mu kuwa ɗalibai kamar fari. Sai ka rubuta aikinka da biro, ka bi shi layi-layi da ka, kana zama kai ne injin, kafin layi ya zo kanka. Ranar da ya zo kuma wuta ta ɗauke. A lokacin muna tsine wa wannan hali, ashe gata aka yi mana, domin wanda ya saba bin aiki da ka ba ya tsoron kuskure idan ya ɓuya.

Farkon shekarun dubu biyu na biyo maigidana nan Greensboro. Muka kama ɗaki a wani bene a High Point Road, wanda yanzu aka mayar Gate City Boulevard, ni kuwa har gobe bakina bai saba ba. A titin na sami aiki, a wani ɗan ofis da ke maƙale tsakanin masu sayar da tsofaffin motoci da kantin wasu 'yan Asiya masu busasshen kifi. Mai wurin wani dogon tsoho ne, Mista Walt, yana zaune a Summerfield da dawakansa, kullum ya shigo sai ka ga ciyawa a bayan rigarsa. Muna rubuta wa masu kantin kujeru da ma'ajiyar kaya da masaƙu manhajar da suke aiki da ita. A wurinsa na yi zaman koyo na gaskiya, duk da digirin da na zo da shi a leda.

Aikin farko da ya ba ni na wani mai sayar da kujeru ne. Idan mai saye ya canza gida aka gyara adireshinsa a kwamfuta, allo zai nuna an gyara, amma direba sai ya kai kujerar tsohon gidan. Wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da barin gari. Na yi ta zare ido a allo har kaina ya ɗau zafi. Mista Walt ya zo ya tsaya a bayana, sannan ya buga aikin duka a takarda, ya dire mini da jan biro.

"Rabi, kashe allon nan," in ji shi. "Duk variable da kika gani ki zagaye shi. Ki ja layi daga inda aka haife shi zuwa inda ya mutu. Sannan ki tambaye shi, wa ke iya taɓa ka?"

Variable, ga wanda bai sani ba, mazubi ne mai suna da ake ajiye bayani a ciki, lamba ko suna ko adireshi. Kowane mazubi yana da iyakar inda ake ganinsa, ita ce ake kira scope. Akwai na cikin ɗaki, wanda daga an gama aikin ɗakin shi ke nan ya tafi. Akwai na tsakar gida, mutanen gidan duk suna iya sa hannu. Akwai kuma wanda aka bari a ƙofar gida, duk mai wucewa ya ɗiba ko ya zuba. Da na bi takardar nan da jan biro sai na tarar mazubi biyu ne masu suna ɗaya, ɗaya a tsakar gida ɗaya a ɗaki. Kamar gidan da ke da A'i biyu ne, in ka yi kira a ɗaki ta ɗakin ce za ta amsa. Sabon adireshin na ɗakin ake ba, shi kuwa da an fito ya mutu da shi, na tsakar gida yana nan da tsohon labarinsa. Gyaran bai kai layi biyu ba. Na kai wa Mista Walt ina jiran yabo, ya duba ya ce da kyau, ya miƙo mini wata takardar da ta fi ta farko kauri.

Kayan aikinmu a lokacin ba irin naku ba ne. Littattafai ne masu kauri da za ka iya tokare ƙofa da su, sai firinta mai kuka kamar injin markaɗe, sai wata 'yar na'urar kiran gaggawa daga wurin aiki, feja, da nake yawo da ita a jaka, wadda ba ta tashi kuka sai na ɗora tukunya. In abu ya shige maka duhu ba wani bidiyo da za ka kalla. Ko dai ka buɗe littafi, ko ka haɗiye girman kai ka tambayi na kusa da kai. Ranar Juma'a da safe kuma mukan haska aikin mutum ɗaya a bango, kowa ya tsince shi kamar ana tsintar shinkafa. Ran da aka fara haska nawa ban ci abincin rana ba. Daga baya na gane wannan zaman shi ne katangar ofishin.

Masu ba mu aiki kuwa sai haƙuri. Mutum zai shigo ya ce ɗan maɓalli ɗaya kawai yake so a ƙara masa, alhali maɓallin nan sai an tone ginin tun daga tushe. Wani ya rantse bai taɓa komai ba, ka je ka tarar ya cire waya ya sa na'urar dafa shayinsa. Mutanenmu su kuma har yau wasu gyaran kwamfuta suka ɗauka nake yi. Hajiya za ta aiko da tata a zani ta ce ta kamu da bairos. Na yi bayani har na gaji, ƙarshe na koyi cire bairos ɗin, ya fi sauƙi.

Shi kuwa magidancin da na ce muku, Malam Isuhu, maigidana ne ya zo mini da shi, wata Lahadi bayan la'asar. Mutumin Tasawa ne, ƙasar Maraɗi, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya yi shekaru yana koyar da lissafi a sakandare kafin ya ƙetaro. A nan motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wata ma'ajiya, aikin 'yan kwangila, ba inshorar lafiya. Yana haya a wani tsohon gida a Glenwood, da yamma ya hau keke ya tafi ajin koyon kwamfuta. 'Yarsa Hadiza tana da sikila. Duk lokacin da ciwon ya tashi sai ɗakin gaggawa, yau wannan likita gobe wancan, kowa sai an fara masa labari daga farko yarinya tana murƙususu. Abin da yake nema ke nan, aikin da ke da inshora, don ta sami likita ɗaya wanda ya san jininta.

Na gwada shi da wasu 'yan tambayoyi, na ga kansa yana ja. Na kai shi wurin Mista Walt na ce ni na tsaya masa. Aka ɗauke shi, aka ce ni zan koya masa. Na yi zaton dattijo irinsa zai ji nauyin mace ƙanwar bayansa ta riƙa gyara masa aiki, sai na tarar shi ne ke riga ni zuwa da takarda a hannu yana cewa, "Hajiya, duba mini wanga." Ba a jima ba Hadiza ta sami likitanta, wata mata da ta ƙware a ciwon jini, ciwon ya rage tashi. Har ƙiba Malam ya yi.

Abu ɗaya ne bai taɓa zama masa daidai ba a ofishin, firij. Kowa yakan rubuta sunansa a jikin robar abincinsa. Ranar da ya fara gani ya kira ni gefe ya ce, "Hajiya, wai kowa da sunanshi bisa kwano? Ko gidan kaso ai ba a haka." Shi nasa a tsakiyar tebur yake buɗewa, ya bi Turawan nan ɗaya-ɗaya da bisimilla har sai sun ɗiba don kunya. Mista Walt tun yana noƙewa har ya zama in ya ji ƙamshin dambu shi ke fara ɗauko cokali.

Aikinsa tsaf yake, ba datti, sai dai akwai maƙo a ciki. A Yamai ya fara taɓa kwamfuta, wata tsohuwa mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, malaminsu kuma yakan rage wa ɗalibi maki in ya buɗe mazubin da ba dole ba. Saboda haka a wurin Malam Isuhu mazubi biyu inda ɗaya zai isa almubazzaranci ne. Ya taso a gidan da tulu ɗaya ke shayar da kowa, ya yi karatu inda tattali shi ne gwaninta. Nakan ja masa layi da jan biro, ya gyara, ya yi godiya, amma na san a ransa gani yake Amurka ce kawai da ɓarnarta.

Sai shekarar nan ta zo, ƙarshen dubu biyu da takwas. Ku kuna ƙanana, ba za ku tuna ba. Kantunan kujeru suka riƙa rufewa, masaƙun da suka rage suka riƙa kwashe injinansu zuwa wasu ƙasashe. Wayar ofis da ke damunmu ta yi shiru, har nakan ɗaga in ji ko tana aiki. Mista Walt ya fara sayar da dawakansa. Ya sallami matar da ke gwada mana aiki kafin ya fita, ya sallami wani, zaman Juma'a ya mutu don ba wanda ke da sarari. Babban aiki ɗaya ya rage mana, na wani gidan rini a bayan gari, kuma kowa ya san in ya suɓuce sai a rufe ƙofa.

Gidan rinin nan ba karofi ba ne irin na gida. Manyan injina ne na ƙarfe, kowane ya fi mota, mu tukwane muke ce musu. A loda yadi, a rufe, a ba shi ruwa da launi da zafi. Zafin nan shi ne ran aikin, domin yadin roba sai da zafi mai tsanani yake kama launi, auduga kuwa in ta sha irin wannan zafin ta lalace. Da can kowace tukunya da tsohuwar kwamfutarta. Suka ce mu rubuta musu manhaja ɗaya da za ta kula da su duka daga wuri ɗaya.

A irin yaren da muke aiki da shi, Java, ba ka rubuta kowace tukunya daban. Zubi ɗaya kake tsarawa, shi ake kira class, ka ce ga abin da tukunya take da shi, ga abin da take yi. Daga wannan zubin sai a fitar wa kowace tukunya ta gaske wakilinta, wato object. Mazubin da ka rubuta kai tsaye, kowace tukunya za ta sami nata. In kuwa ka ce static, to ka mayar da shi na dangi, ƙwaya ɗaya tak ga tukwanen duka, wadda ta zuba na ƙarshe nata kowa zai gani.

Muna tsakiyar aikin aka yi mini rasuwa, mahaifiyata. Na tafi gida. Wannan ba a nan zan yi maganarsa ba. Malam Isuhu ya ƙarasa ɓangaren zafi shi kaɗai, ba mai duba masa. Ya gwada a tukunyar ƙarya guda ɗaya da muke da ita a kwamfutar ofis, ta yi lafiya lau. Aka kai gidan rini aka ɗora. Makonnin farko wani babban aiki suke yi na kayan ma'aikata, yadi iri ɗaya, shuɗi iri ɗaya a duk tukwanen, zafi ɗaya. Har waya manajan ya bugo yana yabo.

Washegarin da na dawo aiki Mista Walt ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ƙyalle biyu ne a kan tebur. Ɗaya auduga, ta fito dabbare-dabbare, ɗaya na roba, fari-fari kamar an tsoma an cire. Ya ce jiya suka loda yadi iri biyu a tukwane biyu. Mai kula da tukunya ta huɗu ya ɗaga zafinta, sai zafin ta biyu ya bi shi. Mai ta biyu ya gani ya sauke nasa, na ta huɗu ya faɗo. Haka suka yi ta ja-in-ja, kowa yana zagin ɗan'uwansa, har yadin ya tashi daga aiki.

"Manajan ya ce ko dai in nuna masa na kori wanda ya yi, ko ya kore mu duka," in ji Mista Walt. Idonsa ya yi ja. "Ina son mutumin nan, Rabi. Amma mu nawa ne ke ci a nan?"

Na ce, "Ka san abin da zai faru da 'yarsa in katin inshorar nan ya mutu?"

"Na sani."

"To ka roƙa mana gwaji ɗaya. Su sake loda iri biyu a gabanmu. In lamba ta motsa inda ba a taɓa ba, ni da kaina zan raka shi ƙofa."

Ya juya ƙyallen, sannan ya ɗaga waya. Da ƙyar manajan ya yarda, ya ce ranar Juma'a, kuma babu na biyu.

Ruwa ba ya tsami banza. Na buga ɓangaren Malam a takarda, na bi shi da jan biro, kafin shayina ya huce na ga wurin. Da na so da na gyara a take, ba wanda zai sani. Amma wanda aka gyara wa a ɓoye gobe ma zai sake, kuma gobe ba lallai ina nan ba. Na ninke takardar na nufi teburinsa. Na tarar ya sa butarsa da sallayarsa a kwali, yana zaune ya haɗa hannu.

"Malam, ina zuwa haka?"

"Hajiya, na zubda miki mutunci," ya ce, bai ɗago ba. "Ke kika tsaya mini. Gara in tahi da ƙahwata da a kore ni."

Raina ya ɓaci, kuma na bari ya gani. Na ce, "In ka tafi da ƙafarka, kunyar ce za ta kai Hadiza wurin likita? Mayar da butar nan inda take." Ya mayar. Na jawo kujera na zauna, na ce, "A gidanku a Tasawa ana noman gandu?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Ana yi mana."

"Hatsin gandu na wa ne?"

"Na gida duka. Rumbu guda, maigida ka buɗewa."

"Gayauna fa?"

"Ta mutum ce shi ɗaya. Abin da ya noma nashi ne, ko tsoho ba ya taɓa mai."

"To in wani ya tashi, don tattalin rumbu, ya kwashe gayaunar kowa ya zuba a na gandu?"

"Ai sai a yi hwaɗa har gaban..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙo hannu na ba shi takardar, ban nuna masa layin ba. Ya bi da yatsa a hankali, ya wuce wurin, ya dawo. Ya daɗe yana kallonsa. "Zahin tukunya gayauna ne," ya ce a hankali. "Ni kau na kai shi gandu. Na ga lamba guda ce, na ce mi za a yi da ita kashi-kashi."

Ku da kuke cewa abin wata biyu ne, ku lura da abin da ya biyo baya, domin a nan ne ake gane wanda ya iya. Malam ya tsorata, ya bi aikin duka ya tumɓuke duk wani static da ya gani, ya raba wa kowace tukunya nata. Da murnarsa ya kawo mini. Na ce ya buɗe tukwanen ƙarya da yawa ya kunna su tare. Zafi bai ƙara cakuɗewa ba, amma sai ga kowace tukunya tana jan tururi iya son ranta, kowace tana ganin ita kaɗai ce a duniya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma gudun bai gyara komai ba. Na ce masa amsar ba ta cikin kwamfuta, ya ɗauko hularsa.

Muka tafi gidan rinin. Shugaban ma'aikatan wurin wani dattijo ne baƙar fata, Mista Earl, tun yana saurayi yake rini, gefen faratansa ya rine har abada kamar na marinan Kano. Ba ya son mu, kuma yana da gaskiya, mu muka ɓata masa yadi. Malam ya cire hula ya ba shi haƙuri da Turancinsa mai ƙamshin Faransanci, sannan ya ce yana roƙon ya zagaya da shi. Duk abin da suka wuce sai ya nuna ya tambaya, wannan na kowa ne ko na ɗaya? Zafi, na ɗaya. Launi, na ɗaya. Lokacin da yadi zai yi a ciki, na ɗaya. Da suka iso wani ƙaton bututu Mista Earl ya buga shi da tafin hannu ya ce tukunyar tururi guda ce a gidan nan kaf, in duka suka ja lokaci ɗaya ƙarfinta ya faɗi, kowa ya yi asara. Malam ya juyo ya dube ni ya ce da Hausa, "Wanga kam gandu ne." Na ce ni ban ce komai ba.

Tun Mista Earl yana amsawa da ƙyar har ya zama shi ke jan hannun Malam yana nuna masa abin da bai tambaya ba. Ya ce tunda ake kawo musu masu kwamfuta ba wanda ya taɓa tambayarsa komai. Muka koma ofis Malam ya mayar da lissafin tururi na dangi, ya sa tukwane su riƙa jiran juna a kansa, sauran kuma kowace da nata. Na karanta aikin layi-layi, na sa Mista Walt ma ya karanta, muka haska shi a bango mu uku kamar da. Sana'ar ke nan, 'ya'yana. Ba wanda zai rubuta muku a littafi wane ne gandu wane ne gayauna a gidan da ba ku taɓa shiga ba. Sai kun je kun tsaya a cikin zafin kun tambayi mai wurin.

Ranar Juma'a da hantsi muka hallara a ɗan ɗakin gilashin da kwamfutar take. Manajan ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, ko gaisuwarmu bai amsa ba. Aka loda auduga a tukunya ta biyu, roba a ta huɗu. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, yau ga ƙasa. Malam Isuhu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, kafin a kunna ta jiƙe a baya. Ni ma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, domin na san takarda ba ta taɓa faɗin gaskiya duka.

Mista Earl ya ɗaga zafin ta huɗu. Lambarta ta fara hawa. Ba wanda ya kalle ta, dukkanmu ta biyu muka zuba wa ido. Tana nan inda aka bar ta. Ta huɗu ta ci gaba da hawa har ta kai inda ake so, ta biyu ko gezau. Manajan ya ce a sauke ta biyu a gani. Aka sauke, ta huɗu ba ta bi ta ba. Ya matso da kansa ya ture hannun Mista Earl, ya riƙa ɗaga wannan yana sauke wancan kamar yaro ya sami rediyo, yana neman inda za ta karye. Ba ta karye ba. Aka mayar da kowace inda ya dace, aka shiga jira, domin lamba ba ita ce shaida ba, yadi ne.

Jiran nan ya fi komai tsawo. Lokacin masallaci ya yi, na ce Malam ya je, ya ce ba zai iya barin wurin ba, ya yi azahar a bayan wasu buhunan gishiri. Da aka buɗe tukwanen Mista Earl ya yanko ƙyalle daga kowace, ya busar, ya kai ƙarƙashin fitila ya ɗora kusa da samfurin da mai kaya ya aiko. Ya juya su, ya miƙa wa manajan. Manajan ya duba, ya duba, ya ajiye. Ya ce wa Mista Walt Litinin za su loda tukwanen duka, yana so wanda ya yi gyaran ya zo ya tsaya a kai. Ya fita abinsa. Iyakar yabon ke nan, a sana'armu in aiki ya yi kyau ba abin da ke faruwa.

Mista Walt ya dafa kafaɗar Malam, ya bi manajan. Na juya in ce wani abu sai na ga Malam ya zauna a kan wani bokitin launi da aka kife, da farar rigarsa, yana laluben waya a aljihu. Ya ciro ta ya danna lamba. Na matsa gefe don in ba shi wuri, amma ƙarar injina ta sa dole ya ɗaga murya. Matarsa ya kira.

"Mariyama? Randebun Hadiza, ranar da likita ta ba ta, da na ce ki buga ki soke." Ya saurara. "Ba ki soke ba?" Ya sake saurarawa, ya rufe ido da tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi, ban sani ba ko dariya ce. "To madalla da ba ki jin maganata. Ki kai ta."